Radar Mai Aiki da Hasken Leza: Daga Kasuwannin Guangzhou Zuwa Fagen Daga

Duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Xiaobei a birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin, ya kutsa cikin lungunan unguwar Dengfeng da maraice, zai ji Hausa da Bambaranci da Larabci da Faransanci kafin ya kai ƙarshen titi guda. Nan ne masaukin fataken Afirka ta Yamma, galibinsu Musulmi daga Mali da Gini da Senegal da Nijar da arewacin Nijeriya, tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da karyewar tattalin arzikin wasu ƙasashen Asiya a 1997 ta sa da dama daga cikinsu suka baro Bangkok da Jakarta suka matso kusa da masana'antun Sin. Dogon benen nan na Tianxiu ya daɗe yana zaman cibiyar hada-hadarsu. Hukumomin birnin sun ce a ƙarshen shekarar 2019 akwai 'yan Afirka 13,652 a Guangzhou, adadin da ya faɗo zuwa 4,553 a watan Afrilun 2020 saboda annobar korona.

Cikin kayan da waɗannan fatake ke saye a kasuwannin birnin, su ɗaure su aika gida, ban da shadda da takalma da wayoyin salula da fitilu masu aiki da hasken rana, akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda wasu magina da masu shimfiɗa tayil ke amfani da ita a maimakon tef ɗin awo. Sai mutum ya tsaya a wannan bango, ya nuna wancan da wani jan ɗigon haske, nan take tsawon ɗakin ya bayyana a rubuce. Abin da na'urar ke yi shi ne ta aika da hasken leza, ta jira ya dawo, ta lissafa jinkirin da ya yi a hanya. A kan wannan tushe ne aka gina na'urar da masana ke kira lidar, wato radar mai aiki da haske a maimakon igiyar rediyo, wadda manyan rundunonin soja na duniya suka shafe shekaru fiye da 40 suna kashe maƙudan kuɗi domin ta zame wa makamansu ido.

Lardin Guangdong, wanda Guangzhou ke zaman babban birninsa, yana cikin wuraren da aka karya farashin wannan fasaha. A birnin Shenzhen, tafiyar kimanin sa'a guda a jirgin ƙasa, nan ne hedkwatar kamfanin DJI mai ƙera ƙananan jiragen sama marasa matuƙa, da kamfanonin RoboSense da Livox masu ƙera lidar. A cikin Guangzhou kuwa akwai kamfanin motoci na XPeng, da kamfanin WeRide, yayin da Pony.ai ke gudanar da tasi marasa direba a gundumar Nansha. Lidar ɗin da kamfanin Velodyne na Amurka ya ɗora a kan motocin da suka shiga gasar tuƙi ba direba a 2007, kuɗinta ya kai dala 75,000. Bayan shekaru ƙasa da 20, kamfanonin Sin suna sayar da ta mota a kan 'yan ɗaruruwan daloli, kuma tun 2020 kamfanin Apple ya sa wata 'yar ƙarama a bayan wayarsa ta iPhone 12 Pro. Can kuma a birnin Zhuhai na wannan lardi, tun 1996 ake baje kolin jiragen sama, inda jami'an sojan ƙasashe da dama, har da na Afirka, kan je su ga jirage marasa matuƙa da makamai masu bin hasken leza.

Ta mota galibi ba ta gani fiye da mita 200 zuwa 300, ta soja kuwa ana bukatar ta ga abu daga nisan kilomitoci. Amma wahalar da ke gabansu iri ɗaya ce, kuma ba a wajen aika hasken take ba. Wahalar tana wajen karanta abin da ya dawo.

Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Idan abin da ake nema yana nesa da kilomita ɗaya, walƙiyar da aka aika za ta je ta dawo cikin abin da bai kai kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa ba. Idan agogon na'urar ya kuskure da kashi ɗaya cikin miliyan dubu na daƙiƙa, awon zai kauce da santimita 15. Da yake zangon igiyar hasken leza ya fi na igiyar radar mai santimita ɗaya gajarta har sau wajen dubu goma, ana iya tsuke shi ya zama siriri ƙwarai, ta yadda daga nisan kilomitoci tabon da zai yi a ƙasa ba zai wuce faɗin tabarma ba. Wannan shi ne fifikonsa a kan radar: ita radar za ta ce akwai wani abu a can, lidar kuwa za ta iya zana siffarsa.

Sai dai abin da ke dawowa daga cikin hasken da aka aika ɗan ƙalilan ne ainun. Yaron da ya leƙa rijiya ya yi kira, zai ji amsa-kuwwa sarai domin rijiyar shiru take. Ita kuwa wannan na'ura tamkar wanda ya yi kira ne a tsakiyar kasuwar Kurmi da rana tsaka, yana kuma son ya ji amsar muryarsa daga wani bango mai nisa. Hasken rana yana kwarara cikin idonta, sassan lantarkin da ke cikinta suna da tasu hayaniyar, ƙura da tururin ruwa su ma suna mayar da nasu kason. Aikin da injiniyoyi ke kira sarrafa sigina, shi ne sheƙe wannan ƙaiƙayi domin a sami tsaba.

Dabara ta farko ta girmi leza kanta. A shekarar 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani masani mai suna Dwight North na kamfanin RCA a Amurka ya nuna ta hanyar lissafi cewa, hanya mafi kyau ta gano sigina cikin hayaniya ita ce a riƙa gwada abin da ke shigowa da ainihin siffar abin da aka aika. Uwa takan tsinci kukan ɗanta a gidan biki duk da kiɗa da guɗa, saboda ta riga ta san yadda yake. Haka na'urar take: ta san tsawon walƙiyarta da yadda take tashi da yadda take sauka, don haka sai ta ƙyale duk abin da bai yi kama da ita ba. Dabara ta biyu ita ce maimaitawa. Hayaniya ba ta tsayawa wuri guda, amma amsar gaskiya kullum daga nisa ɗaya take zuwa. Idan aka tara amsoshin walƙiya 100, siginar takan fito fili fiye da ta walƙiya guda har ninki 10. Wannan kuwa ba kyauta ba ne. Lokaci ake biya, kuma a cikin lokacin jirgin da ke ɗauke da na'urar ya gusa, motar da ake kallo ita ma ta gusa, sai an sake wani lissafin domin a mayar da kowane ɗigo mazauninsa.

Ga mazauna yankin Sahel, dabara ta uku ce ta fi kusa da gida. Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe sararin sama daga Agadas har zuwa gaɓar teku, abin da a wasu ranaku kan hana jirage sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Direban da ya kunna babbar fitila cikin hazo ya san abin da ke faruwa: hasken yakan dawo masa a ido, hanyar kuma ta ƙara ɓacewa. Maganin da aka samo shi ne na'urar ta rufe idonta bayan ta aika walƙiya, kada ta buɗe sai daidai lokacin da amsa daga nisan da ake so za ta iso. Ƙurar da ke kusa ta riga ta mayar da nata hasken ya tarar da ƙofa a rufe. Dabara ce mai kyau, amma ba ta dawo da hasken da ƙurar ta cinye a hanya, zuwa da dawowa. Sojojin Amurka sun ɗanɗana wannan a yaƙin Tekun Fasha na 1991, inda gajimare da hayaƙin rijiyoyin man Kuwaiti suka riƙa katse hasken da bama-bamansu ke bi, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka ƙera bama-bamai masu bin umarnin tauraron ɗan adam.

Akwai kuma abin da lidar ke yi wanda kyamara ba ta iyawa. Idan walƙiya guda ta faɗa kan bishiya, wani kaso zai dawo daga ganyen sama, wani daga rassa, wani ɗan kaɗan kuma zai zurara ta tsakanin ganyaye ya taɓa ƙasa sannan ya dawo a makare. Idan jirgi ya zagaya wurin yana kallo ta kusurwoyi daban-daban, na'ura mai ƙwaƙwalwa za ta iya tara miliyoyin ɗigo, ta share na ganye, ta bar na abin da ke ƙarƙashi. Ta haka ne a 2018 masu binciken kayan tarihi suka ba da sanarwar gano gine-gine fiye da 60,000 na mutanen Maya a ƙarƙashin dajin Guatemala. Tun farkon shekarun 2000, hukumar binciken fasahar soja ta Amurka, DARPA, tare da ɗakin bincike na Lincoln da ke ƙarƙashin jami'ar MIT, suka gwada irin wannan a wani shiri mai suna Jigsaw, domin gano tankokin yaƙi da aka ɓoye a ƙarƙashin itatuwa ko ragar ɓad-da-kama. Ba sai an faɗa ba, duk rundunar da ke fama da 'yan bindiga a dazuzzuka irin na Sambisa da Rugu da Kamuku za ta so ta mallaki irin wannan ido.

Daga nan sai mataki na ƙarshe, wanda shi ne mai haɗari. Bayan an sami siffar abu mai tsawo da faɗi da tudu, sai na'ura mai ƙwaƙwalwa ta gwada ta da siffofin da aka adana mata, ta ce wannan tanka ce, wannan motar harba roka ce, wancan kuma ba kome ba ne. A nan dole a shata layi: kamannin da ya kai kaza a karɓa, wanda bai kai ba a ƙyale. Tun 1933 masana lissafi biyu, Jerzy Neyman da Egon Pearson, suka fayyace cewa duk mai yanke irin wannan hukunci yana tsakanin kurakurai biyu ne, ko ya ga abin da babu, ko ya kasa ganin abin da ke akwai, kuma da shaida iri ɗaya ba a rage ɗaya sai ɗayan ya ƙaru. Mai tankaɗe ta san wannan ba tare da lissafi ba. Rariya mai manyan idanu tana sakin tsaki cikin gari, mai ƙananan idanu kuma tana riƙe garin da ya kamata ya wuce. Girman idon rariyar, mutum ne yake zaɓa.

Ga misali, wanda ƙaddarawa ce kawai domin a ga yadda lissafin yake. A ce na'ura tana yin daidai sau 99 cikin 100, abin da kowane kamfani zai yi alfahari da shi. A ce kuma babura 10,000 sun bi wata hanyar daji cikin wata guda, 10 daga ciki na 'yan bindiga ne. Na'urar za ta kama kusan duka goman, amma za ta kuma nuna wajen babura 100 na bayin Allah. Ke nan cikin duk ƙararrawa 11 da ta buga, 10 na ƙarya ne. Laifin ba na na'urar ba ne. Haka lissafi yake a duk inda mugu ɗaya ke tafe cikin mutanen kirki dubu.

An tsara waɗannan dabaru ne da tunanin yaƙi tsakanin manyan rundunoni a filayen Turai, inda tanka ba ta kama da motar kowa. Yaƙin Sahel ba haka yake ba. Babur ɗin da ɗan bindiga ke hawa shi ne wanda manomi ke kai buhunsa kasuwa da shi, shi ne na ɗan acaɓa, shi ne na 'yan rakiyar amarya. Motar a-kori-kura da aka girka wa bindiga, da an lulluɓe ta da tamfol ba ta da bambanci da mai ɗauke da gero. Daga sama, sandar da makiyayi ya saɓa a kafaɗa da bindigar da wani ya rataya duk 'yan ɗigo ne a jere. Lidar tana auna nisa da siffa, wasu nau'o'inta ma suna auna karkarwar ƙarfe su gane ko injin mota yana aiki, amma babu wadda ke auna dalilin da ya tara mutane a ƙarƙashin bishiya da dare.

Tarihin makamai masu bin haske ya nuna haka tun da wuri. Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Amurka a 1960. Zuwa 1968 an fara jefa bama-bamai masu bin ɗigon leza a Vietnam, kuma a watan Mayun 1972 da su aka karya gadar Thanh Hoa, wadda ta gagari ɗaruruwan hare-haren jiragen Amurka tun 1965. Amma ranar 13 ga watan Fabrairun 1991, bama-bamai biyu masu bin leza suka faɗa daidai inda aka nuna masu a unguwar Amiriyya ta birnin Bagadaza, suka hallaka farar hula fiye da 400 da ke fake a wani ginin kariya, wanda Amurka ta ce ta ɗauke shi a matsayin cibiyar ba da umarni ta soja. Ranar 7 ga watan Mayun 1999 kuma, bama-bamai masu bin tauraron ɗan adam suka sami ofishin jakadancin Sin a Belgrade, suka kashe 'yan jarida uku. Amurka ta ce kuskuren adireshi ne da tsohuwar taswira, bayanin da gwamnatin Sin ba ta gamsu da shi ba, aka kuma yi zanga-zanga a biranen ƙasar, har da Guangzhou. A duka biyun makamin bai kauce ba ko kaɗan. A cikin shekarun 1990 ɗin ne dai Amurka ta fara ƙera wani ƙaramin makami mai suna LOCAAS, wanda zai riƙa shawagi yana neman abin hari da lidar, ya gane shi, ya afka masa da kansa. An yi gwaje-gwajensa, amma aka ajiye shirin a tsakiyar shekarun 2000 ba tare da ya shiga fagen daga ba.

A Nijeriya da Nijar, abin da aka sani a bainar jama'a shi ne jiragen da ba su da matuƙa suna ɗauke da kyamarori na rana da na dare, da leza mai auna nisa da nuna wa makami inda zai faɗa, ba lidar mai zana siffa ba. A watan Janairun 2015 ne hotunan wani jirgi samfurin CH-3 ƙirar Sin da ya faɗo a jihar Borno suka bayyana cewa Nijeriya ta mallaki irinsa, da makami mai bin leza a ƙarƙashin fiffikensa. A 2020 rundunar sojan sama ta ba da sanarwar sayen ƙarin guda takwas daga Sin, Nijar kuma ta karɓi samfurin Bayraktar TB2 daga Turkiyya a 2022. A irin waɗannan jirage mutum ne ke zaune gaban allo, shi ke duba hoto, shi ke yanke hukunci. Amma layin da zai shata a ransa shi ne dai wancan layi na rariya.

Daren Lahadi, 3 ga watan Disamban 2023, mutanen ƙauyen Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna suna taron Maulidi, sai wani jirgi marar matuƙi na rundunar sojan ƙasa ya jefa masu bam. Waɗanda suka tsira sun ce an jefa na biyu yayin da jama'a ke kwasar gawawwaki da waɗanda suka ji rauni. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutane 85, ƙungiyar Amnesty International kuma ta ce adadin ya haura 120, da yawansu mata da yara. Marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, hafsan hafsoshin sojan ƙasa na lokacin, ya je ƙauyen ya nemi gafara, inda ya bayyana cewa dakarun da ke sintiri ta sama sun ga taron jama'a, suka yi wa take-takensu fassarar na 'yan bindiga. A watan Mayun 2024 hedkwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja. Da a ce jirgin yana ɗauke da lidar mafi inganci a duniya, da ta ƙirga mutanen ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi tsawon kowa. Sanin cewa daren nan akwai Maulidi a Tudun Biri kuwa, sai an tambayi mai gari ko limami.

Gwamnatoci sun fara farga da cewa iyakar da ke tsakanin kayan kasuwa da kayan yaƙi ta yi siriri. Daga ranar 1 ga watan Satumban 2023, ƙasar Sin ta sa doka cewa sai da lasisi za a fitar da wasu jirage marasa matuƙa da kayan haɗinsu, ciki har da leza mai nuna abin hari. A watan Janairun 2024 ma'aikatar tsaron Amurka ta sa kamfanin Hesai na birnin Shanghai, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera lidar ta mota, cikin jerin kamfanonin da ta ce suna da alaƙa da sojan Sin, zargin da kamfanin ya musanta har ya garzaya kotu. A Nijeriya kuma, mai son shigo da jirgi marar matuƙi sai ya sami takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Ga ɗan kasuwan da ke Dengfeng, wannan yana nufin odar da mai safiyon filaye ko mai ɗaukar hoton biki ya ba shi daga Kano ko Zinder tana iya maƙalewa a hannun jami'an kwastan na wannan gefe ko na wancan, ko da yake abin da ke cikin kwalin ba makami ba ne.

Kwana 19 bayan harin Tudun Biri, ranar 22 ga watan Disamban 2023, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makaman da ke iya zaɓen abin hari su kai masa farmaki ba tare da hannun mutum ba. Ƙasashe 152 suka goyi baya, 4 suka ƙi, ciki har da Rasha da Mali, 11 kuma suka ƙaurace, ciki har da Sin da Turkiyya. Ƙudurin bai haramta kome ba. Ya dai nemi Babban Sakatare António Guterres ya tattara ra'ayoyin ƙasashe ya gabatar da rahoto, shi kuwa tare da shugabar Kwamitin Red Cross na Duniya sun riga sun yi kira da a cim ma yarjejeniya mai ƙarfin doka kan irin waɗannan makamai zuwa shekarar 2026.